Ruwan Zafi, Itacen Wuta Da Rangwamen Haraji: Nazari Daga Ƙasar Ikara

Gabatarwa

Kurmin Kogi gunduma ce a Ƙaramar Hukumar Ikara, a arewacin Jihar Kaduna, maƙwabciyar ƙasar Maƙarfi. Mutanen wannan yanki manoma ne na masara da dawa da rake da tumatir da barkono, kuma kamar sauran ƙauyukan ƙasar Hausa, yawancin gidajensu da itace da kara suke girki, da su kuma suke dafa ruwa. A wasu ƙasashen duniya gwamnatoci sun daɗe suna rage wa mutane haraji domin su sayi na'urorin ɗuma ruwa masu tsimin makamashi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana mene ne wannan rangwame, da yadda aka yi aiki da shi a wasu wurare, da abin da Nijeriya ta yi, sannan ta duba ko irin wannan tsari zai iya isa gidan manomin Kurmin Kogi.

Matsayin Ruwan Zafi A Gidan Bahaushe

Idan ana maganar makamashin gida, hankali yakan tafi ga tukunyar tuwo da miya, a manta da tukunyar ruwa. Alhali kuwa daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama, da wuya a sami gidan da ba a ɗora ruwa da asuba ba. Tsofaffi suna bukatarsa don alwala, yara 'yan makaranta don wanka, marar lafiya don gashi, mai jariri don wanke jaririnta. Wannan ruwa duk a kan murhu yake ɗumi, kuma kowane bokiti yana da rabonsa na itace.

Babu inda ruwan zafi ya fi cin itace kamar wankan jego. Bisa al'ada, mace idan ta haihu akan tafasa mata ruwa a babbar tukunya ko rabin ganga, ta yi wanka da ganye safe da yamma, har zuwa kwana arba'in, wasu ma su zarce. Tanadin itacen wannan wanka nauyi ne da ke wuyan miji, shi ya sa mai hankali yakan fara tara shi tun ciki yana wata bakwai ko takwas. Wanda bai tara ba sai ya saya, sau da yawa a daidai lokacin da hidimar suna ta riga ta tatse masa aljihu.

Wannan al'ada ta ja hankalin likitoci tun da daɗewa. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wato Davidson da Parry, sun bi diddigin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasar Zazzau, suka buga sakamakon bincikensu a 1978. Sun danganta yawan ciwon da shan kunun kanwa fiye da kima da kuma tsananin zafin da mai jego ke sha, na wanka da na kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Saboda haka rage zafin ruwan jego zuwa ɗumin da jiki zai iya ɗauka yana da amfani biyu: lafiyar uwa da sauƙin itace. Ga kuma hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi zama kusa da murhu.

Lissafin Itacen Da Ruwa Ke Ci

Domin mai karatu ya ga girman al'amarin, ya kamata a yi ɗan lissafi. Ruwa abu ne mai wuyar ɗumi. Kafin lita 40 ta tashi daga digiri 20 na ma'aunin zafi ta kai digiri 100, wato ta tafasa, sai ta sha zafin da ya kai kimanin yunit 3.7 na wutar lantarki, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da zafin da ya kai wajen yunit 4. Da a ce duk zafin itacen yana shiga tukunya, da kilo ɗaya ya kusa isa. To amma murhun duwatsu uku mabarnaci ne: kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kaɗai na zafin ke shiga ruwa, saura ya bi iska ta gefe, ya bi hayaƙi, ya shiga ƙasa. Ko da an ɗauki kashi 15, tafasa lita 40 zai ci itace wajen kilo 6. Idan an yi haka sau biyu a rana har kwana 40, an ƙona kilo 480 ke nan a kan haihuwa ɗaya, ban da na girki.

Yanzu a sake lissafin da ingantaccen murhu, wanda ke killace wuta ya kai kashi 30 cikin ɗari na zafi ga tukunya. Itacen ya koma kilo 240. Idan kuma rana ce ta fara ɗuma ruwan ya kai digiri 60 kafin a ɗora shi, rabin aikin ya riga ya ƙare, itacen ya koma kilo 120. Wannan lissafi misali ne kawai, domin tukwane da itatuwa sun bambanta, amma ya isa ya nuna cewa kashi uku cikin huɗu na itacen ana iya tsimin sa ba tare da an taɓa al'adar kanta ba.

Game da dazuzzuka kuwa, akwai abin lura. Wani bincike da malaman Jami'ar Bayero da abokan aikinsu suka yi a kan itacen wuta a Kano, wanda aka buga a 1990, ya gano cewa manoman karkarar da ke kewaye da birnin ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, suna kula da su suna sassabe rassa da lissafi. Itacen da birni ke ƙonawa daga dazuzzuka masu nisa motoci ke kawo shi. Manomin Ikara ma haka yake da ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiyar gonarsa, ba ya sare su don ya dafa ruwa. Abin da ke faruwa shi ne daji na gama-gari yana ja da baya, mata da yara suna ƙara nisa wajen neman ƙirare, kara kuma da ya kamata ya zama abincin dabbobi ko danni ko takin gona yana ƙarewa a murhu.

Na'urorin Da Ake Magana A Kansu

Na'urorin ɗuma ruwa masu tsimi iri uku ne suka shafi wannan bayani. Na farko shi ne ingantaccen murhu, na laka ko na ƙarfe. Wanda ya fi suna a Jihar Kaduna shi ne Save80, murhun ƙarfe da wata ƙungiya mai suna DARE da ke Kaduna ta yaɗa tare da ƙungiyar atmosfair ta ƙasar Jamus, aka kuma yi wa shirin rajista a tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage hayaƙi a 2009. Sunansa ya samo asali ne daga iƙirarin cewa yana rage cin itace da kashi 80 cikin ɗari. Yana aiki da 'yan ƙirare, kuma yana zuwa da wani akwati mai riƙe zafi da ake saka tukunya a ciki ta ƙarasa nuna ko ta kwana da ɗumi.

Na biyu shi ne tankin ɗuma ruwa da rana. Aikinsa mai sauƙi ne. Akan jera bututu a kan faranti baƙi cikin akwati mai murfin gilashi, a kafa shi yana fuskantar rana. Ruwan da ya ɗumi a bututun yakan yi sauƙi ya hau zuwa tankin da ke sama, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka zai yi ta zagayawa ba famfo ba lantarki. Tankin akan naɗe shi da abin riƙe zafi domin ruwan yamma ya kai asuba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1982 a jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta daɗe tana ƙera irin wannan tanki da ingantattun murahu. Rauninsa shi ne ƙurar hunturu tana dushe rana, tana kuma rufe gilashi, sai an riƙa gogewa, ga shi kuwa a lokacin ne aka fi bukatar ruwan.

Na uku shi ne na'urar lantarki mai zuƙo zafi daga iska ta zuba shi cikin ruwa, kamar firji da aka juya aikinsa. Tana cin wajen sulusin wutar da hita ta yau da kullum ke ci. Wannan ita ce ake yayi a Amurka da Turai, amma tana da tsada, tana kuma bukatar wuta mai zama da ruwan famfo a cikin gida, don haka ba ta da wurin zama a yawancin ƙauyukan Ikara a halin yanzu.

Ma'anar Rangwamen Haraji

Duk waɗannan na'urori halinsu ɗaya: suna da tsada ranar saye, suna da araha wajen aiki. Murhun duwatsu uku kuwa kyauta ne ranar kafawa, sai dai a yi ta biya kullum. Talaka yakan zaɓi na biyun ko da ya san na farkon ya fi, domin kuɗin yau ne ba shi da su. Rangwamen haraji dabara ce da gwamnati ke yi don ta rage wannan tsada ta ranar farko, ta hanyar yafe wani abu daga cikin kuɗin da ya kamata ta karɓa.

Hanyoyin yin haka uku ne. Akwai rage harajin kuɗin shiga, inda mutum zai sayi na'ura da kuɗinsa, ya ajiye rasit, a ƙarshen shekara a cire wani kaso daga harajin da ake bin sa. Akwai yafe harajin da ke kan kaya, wato harajin saye da aka fi sani da VAT da kuma kuɗin fito na kwastan, wanda ke sa farashi ya sauka tun daga kanti. Akwai kuma sauƙaƙa wa masu ƙera na'urar, ta hanyar yafe musu fiton kayan aiki ko ba su hutun haraji na wasu shekaru. Sanin bambancin waɗannan uku shi ne ginshiƙin maganar, domin kowace hanya da irin mutanen da take kaiwa gare su.

Abin Da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Amurka ta bi hanya ta farko. Bayan tashin farashin man fetur na shekarun 1970, gwamnatin Jimmy Carter ta yi dokar 1978 wadda ta ba masu gidaje rangwame idan sun kafa na'urar rana, shi kansa ya sa aka kafa irinta a rufin fadar shugaban ƙasa a 1979. Rangwamen ya ƙare a ƙarshen 1985, kasuwar ta faɗi, kamfanoni da yawa suka rufe, a 1986 kuma aka sauke na'urar fadar. A 2022 wata sabuwar doka ta ba da rangwamen kashi 30 cikin ɗari na kuɗin na'urar mai zuƙo zafi daga iska, har zuwa dala 2,000 a shekara, sai ga wata dokar ta 2025 ta tsayar da shi daga ƙarshen Disamba na shekarar. Darasi biyu ke nan: rangwamen da ke zuwa yana tafiya da canjin gwamnati ba ya gina sana'a, kuma wanda ba a bin sa haraji ba shi da abin da za a rage masa.

Tsibirin Barbados ya haɗa hanyoyi. A 1974 gwamnatinsa ta yafe fito a kan kayan da masu ƙera tankin rana na cikin gida ke shigowa da su, ta kuma ɗora haraji mai nauyi a kan hitar lantarki. A 1980 ta ƙara da barin mai gida ya cire kuɗin tankin daga abin da za a yanka masa haraji a kai. Sakamakon haka sana'ar ta kafu a hannun 'yan ƙasa, dubban gidaje suka kafa tankin, a tsibirin da mutanensa ba su kai 300,000 ba.

Tunisiya kuwa, a shirinta mai suna PROSOL da aka fara a 2005, ta yafe VAT, ta rage fito, ta biya wani kaso na farashi, sannan ta shirya da bankuna su ba da bashin sauran, mai gida ya riƙa biya kaɗan-kaɗan tare da kuɗin wutarsa har shekara biyar. Abin da ya ɗaga shirin shi ne wannan biya a hankali, domin ya kawar da tsadar ranar farko gaba ɗaya.

Halin Da Ake Ciki A Nijeriya

Nijeriya ba ta da wani rangwame na musamman da mai gida zai nema don ya sayi na'urar ɗuma ruwa. Abin da take da shi yana wajen harajin kaya. An kafa VAT da dokar 1993, ya fara aiki a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, ya koma kashi 7.5 a watan Fabrairu na 2020. Umarnin gyaran VAT na 2021 ya sa kayan makamashin da ake sabuntawa, irin na rana, cikin waɗanda aka yafe wa harajin. A ƙarshen 2023 Gwamnatin Tarayya ta cire VAT da fito a kan iskar gas ta girki, umarnin 2024 kuma ya haɗa da kayan girki marasa hayaƙi. A cikin 2024 ɗin ne Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa a kan girki mai tsabta. An kuma taɓa gwada rabo kyauta: a 2014 gwamnati ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayen murahu 750,000, amma shirin ya faɗa cikin taƙaddama tsakanin ma'aikata da ɗan kwangila, bai kai inda aka nufa ba.

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da sauran makamashi ke ƙara nisa da talaka. An janye tallafin kananzir a 2016, na fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau, komai ya bi shi. Gidajen da suka saba da risho ko tukunyar gas da yawa sun koma ga gawayi da itace, wanda hakan ya ƙara wa itacen ƙauye masu nema daga gari.

Wace Hanya Ce Za Ta Isa Kurmin Kogi?

Dattawan ƙasar Ikara sun san haraji da jangali, waɗanda dagaci da mai unguwa ke bi gida-gida suna karɓa, har zuwa 1979 da gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke su a Jihar Kaduna.  Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara. Ke nan hanya ta farko, irin ta Amurka, ba za ta amfani kowa a nan ba sai ma'aikaci mai albashi da babban ɗan kasuwa. Ko su ma sai sun fara biya daga aljihunsu, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Hanya ta biyu ta fi kusa, amma tana da iyaka. Idan murhu ya kai naira 40,000, alal misali, VAT ɗinsa naira 3,000 ne. Cire wannan sauƙi ne, sai dai ba zai mai da wanda ba shi da 40,000 mai saye ba. Kafin kaya su taso daga Legas ko Kano su iso kasuwar Ikara ko ta Maƙarfi, kuɗin mota da ribar dillalai suna iya haɗiye rangwamen tun a hanya. Har ila yau abin da murhun ke gasa da shi, wato ƙirare da kara da busasshiyar tukar rake, ba a biyan haraji a kansu, sau da yawa ma ba a sayen su da kuɗi. Lokacin mace da ƙarfin yaro ne ke biya, su kuwa ba sa shiga lissafin mai gida da sauri.

Hanya ta uku ita ce ta fi dacewa da wannan yanki, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Tankin rana da murhun ƙarfe ba su fi ƙarfin masu walda da maƙeran Zariya da Ikara ba. Amma idan an yafe haraji a kan na'urar da aka gama ƙerawa a waje, aka bar shi a kan farantin ƙarfe da gilashi da bututun da mai walda zai saya, an taimaki baƙo ke nan an danne ɗan gida. Barbados ta fara ne daga kayan aiki, shi ya sa sana'ar ta tsaya da ƙafarta. Na'urar da aka ƙera kusa tana da mai gyara kusa, wannan kuwa shi ke sa mutanen ƙauye su amince da sabon abu.

Bayan haka sai a ɗauki darasin Tunisiya a gyara shi ya dace da wurin. Takardar kuɗin wuta ba za ta yi aiki a gidan da ba shi da mita ba, amma akwai adashin mata, akwai ƙungiyoyin manoman tumatir da na rake, waɗanda za su iya karɓar murahu a dunƙule, a biya da kaka ko bayan an sayar da amfanin rani. Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan suna da ikon yafe kuɗin rumfa da na kasuwa ga masu sayar da irin waɗannan kaya. Idan kuma aka kafa tankin rana a ɗakunan haihuwa na ƙananan asibitoci da makarantun kwana, mata za su taɓa ruwan da hannunsu su ji ɗuminsa, gani kuwa ya kori ji.

Kammalawa

An ga cewa ruwan zafi yana cin kaso mai yawa na itacen gida a ƙasar Hausa, musamman da hunturu da lokacin jego, kuma ingantaccen murhu da tankin rana suna iya rage wannan ƙwarai. An kuma ga cewa rangwamen haraji iri-iri ne. Na kuɗin shiga yana tsayawa ga masu albashi, na VAT da fito yana rage farashi kaɗan, na masu ƙira kuwa shi ne ke iya kafa sana'a a kusa da mai bukata, in an haɗa shi da biya a hankali, aka kuma bar shi ya daɗe ba a soke ba. Ya rage ga hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi, da malamai da ɗaliban da suka fito daga wannan yanki, su kai bayanin ga mazaje masu sayen itace da matan da ke zaune gaban murhu, cikin harshen da suke ji.